AMSHI KO ƘARI: RABON ƊAN KALLO A FASAHAR HASKE

A cikin shekarar 2006, a wata tsohuwar masaƙa da ke birnin Puebla na ƙasar Meksiko, wani mai fasaha da ake kira Rafael Lozano-Hemmer ya rataye ƙwayayen lantarki jeri-jeri a cikin wani makeken ɗaki mai duhu. A gefe guda na ɗakin ya kafa waɗansu mariƙai biyu na ƙarfe, irin waɗanda akan gani a jikin keken motsa jiki. Idan mutum ya shigo ya kama mariƙan nan, sai wata na'ura ta ji bugun zuciyarsa, ƙwan da ke gabansa ya shiga kamawa yana mutuwa daidai da yadda zuciyar take harbawa. Da zarar ya saki, sai ɗakin ya yi ɗif na ɗan lokaci, sa'an nan bugun nasa ya hau ƙwai na farko a cikin jeri, na wanda ya gabace shi ya matsa zuwa na biyu, haka haka har ƙarshen layi, inda bugun wanda ya fi kowa daɗewa yakan faɗi ya ɓace. Ƙwayayen kan kama daga 100 zuwa 300, gwargwadon girman wurin da aka kai aikin. Ke nan duk wanda ya tsaya a tsakiyar ɗakin, abin da ke walƙiya a bisa kansa zukatan mutane ne waɗanda suka shigo kafinsa suka fita, bai kuwa san ko ɗayansu ba. Sunan aikin Pulse Room, watau ɗakin bugun zuciya.

Irin wannan aiki shi ake nufi da fasahar haske mai amsawa. Ko da yake sunan bai riga ya zauna a bakin Hausawa ba, ma'anarsa a fili take. Aikin gwaninta ne wanda kayan haɗinsa haske ne, kamar yadda kayan marini baba ne, na maginin tukwane kuwa yumɓu, sai dai shi hasken ba ya zama yadda aka bar shi, yakan riƙa sauyawa bisa ga motsin mai kallo, ko muryarsa, ko taɓawarsa. Da gangan aka zaɓi kalmar "amsawa" a nan maimakon "mu'amala", domin ita mu'amala tsakanin masu hankali biyu take gudana, fitila kuwa ba ta da hankali, an dai shirya ta ne ta amsa in an kira.

Abin ba jiya ya faro ba. Tun a 1922 Thomas Wilfred ya nuna wa mutanen New York wata na'ura tasa mai suna Clavilux, wadda yake kaɗa launuka da ita a jikin farin allo kamar yadda makaɗi ke kaɗa molo. A 1930 László Moholy-Nagy ya nuna a Paris wani ƙarfe mai juyawa wanda ke watsa haske da inuwa a bangon ɗaki. A duka biyun nan ɗan kallo bai wuce ɗan kallo ba. Sai a 1956 Nicolas Schöffer, da taimakon injiniyoyin kamfanin Philips, ya ƙera CYSP 1, wani tsayayyen ƙarfe da aka sa wa na'urorin jin sauti da na ganin haske, yana motsi bisa ga abin da ke faruwa kewaye da shi. Abin da ya buɗe ƙofar sosai daga baya shi ne arahar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ta kyamara, da kuma samuwar ƙwan LED mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, wanda ya sa aka iya haɗa kowane launi daga ƙananan fitilu marasa shan wuta. Masanan Japan uku da suka gano shi, Akasaki da Amano da Nakamura, sun sami kyautar Nobel a kansa a 2014.

Masu tallar wannan fasaha suna da magana guda da ba sa gajiya da faɗinta, cewa zamanin da mutum zai tsaya gaban zane ya harɗe hannu ya wuce, yanzu ɗan kallo abokin aikin mai fasaha ne. Wannan maƙala tana ganin maganar tana bukatar tankaɗe da rairaya, kuma ɗalibin waƙar baka yana da rariyar da ta dace a hannunsa. Kowa ya san 'yan amshi iri-iri ne. Akwai waɗanda aikinsu shi ne maimaita gindin waƙa duk sa'ad da jagora ya sauke ɗa, ba ragi ba daɗi, irin na Mamman Shata, har ma Bahaushe ya ɗauko sunansu ya liƙa wa duk mai bin magana ba tare da tasa ba. Akwai kuma irin na makaɗan fada, su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, waɗanda kan karɓi ɗan waƙa daga bakin jagora su yi masa ƙari su kai shi inda shi bai kai ba. Dukkansu suna cikin waƙa, dukkansu ana jin muryarsu, amma rabonsu ba ɗaya ba ne. To, tambayar da ta kamata a yi wa kowane aikin haske mai amsawa ita ce: amshi kawai aka ba ɗan kallo, ko kuwa an bar masa wurin ƙari?

A fara da wanda ya fi kowa kasuwa. Ƙungiyar teamLab, wadda Toshiyuki Inoko da abokansa suka kafa a Tokyo a 2001, ta tara masu zane da injiniyoyi da masana lissafi a inuwa guda. A watan Yuni na 2018 ta buɗe wani gida mai suna Borderless a unguwar Odaiba, mai faɗin murabba'in mita 10,000, inda kwamfutoci 520 da majigi 470 suke zuba hotuna a bango da ƙasa. Furanni suna tohowa, in an taɓa su sai su zube. Ruwa na haske yana kwararowa daga sama, in mutum ya tsaya sai ya rabe ya kewaye ƙafafunsa. Ba fim ba ne da aka naɗa ake maimaitawa, na'ura ce take zana kowane hoto nan take, saboda haka abin da aka gani yanzu ba za a sake ganinsa daidai haka ba. A shekararsa ta farko mutane wajen miliyan 2.3 suka shiga gidan. An rufe shi a 2022, aka sake buɗe shi a Azabudai Hills a 2024.

Babu mai musun gwanintar da ke cikin wannan aiki, sai dai in an auna shi da ma'aunin da aka kawo a sama, amshi ne tsantsa. Fure zai zube ko wane ne ya taɓa shi, malami ne ko jahili, mai murna ne ko wanda ya fito daga gidan makoki. Na'urar ba ta san komai game da mutumin ba illa cewa wani jiki ya tare wuri kaza. Abin da mutum ya zo da shi a ransa, da shi zai koma, bai bar wa na bayansa komai ba. Ba mamaki ke nan da yawancin masu shiga irin waɗannan gidaje suka fi ba da ƙarfi wajen ɗaukar hoton kansu, domin aikin ya mai da su ado a cikinsa, su ma sai suka mai da shi ado a bayansu. Amma a yi wa ƙungiyar adalci a wuri guda. Tana da wani aiki na yara inda akan ba yaro takarda mai hoton kifi ya shafa mata launin da ya ga dama, a sa ta cikin na'ura, jim kaɗan sai ga kifinsa yana iyo a bango tare da na sauran yara. A nan kam yaron ya yi ƙari, ko da yake ɗan kaɗan ne, gama kifin nan da babu shi a duniya sai da ya zo.

Haka kuma bai kamata sunan kimiyya ya rufe wa mai nazari ido ba. Shi kansa Lozano-Hemmer, wanda aka haifa a birnin Meksiko a 1967, ilmin sinadarai ya karanta a Jami'ar Concordia ta Montreal a Kanada kafin ya koma ga fasaha, kuma tasirin wannan karatu yana nan a ayyukansa. A 2010 ya ɗaga wata babbar balan-balan a dandalin Federation na birnin Melbourne a Ostireliya, mai faɗin mita 14, watau kwatankwacin rana in an rage ta sau miliyan 100. Majigi suna haska ta da dare, kwamfuta tana amfani da lissafi da hotunan da na'urorin hukumar NASA suka ɗauko na rana tana kwaikwayon tafasar da ke fuskarta da baƙaƙen tabonta da harsunan wutar da ke tashi daga gare ta. An ba jama'a damar su dama hoton da wayar hannu. Amfanin wannan aiki a fili yake, domin ya sauko da abin da ido ba ya iya duba ya rataye shi a kan titi. Amma damawar da aka ba jama'a wasa ne kawai, in an cire ta aikin bai ragu da komai ba. Sau da yawa haka abin yake: akan liƙa wa aiki ɗan maɓalli don dai a ce yana amsawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne a ayyukan da ya yi da manyan fitilun nan masu tsaga sararin sama. Su waɗannan fitilu suna da tarihi marar daɗi. Don hango jiragen yaƙi da dare aka ƙera su, kuma a shekarun 1930 Albert Speer ya jera fiye da 100 daga cikinsu kewaye da filin taron jam'iyyar Nazi a Nuremberg, ya miƙe haskensu sama kamar ginshiƙai, domin mutumin da ke tsaye a ƙasa ya ji shi ba kowa ba ne in ba a cikin taro ba. Lozano-Hemmer ya san wannan tarihi, ya kuma sha ambatonsa. Da aka ba shi aikin bikin shiga shekara ta 2000 a Zócalo, babban dandalin birnin Meksiko, sai ya kafa fitilu 18 a kan gine-ginen da ke kewaye da dandalin, ya miƙa linzaminsu ga jama'a ta hanyar intanet. Kowa yana iya shiga ya tsara yadda yake so haskoki su gitta juna, a sa tsarin nasa a layi, in lokacinsa ya zo fitilu su juya su zana shi a sama na 'yan daƙiƙu, a ɗauki hotonsa a ajiye masa da sunansa da saƙon da ya rubuta. Cikin mako biyu mutane kimanin 800,000 daga ƙasashe 89 suka shiga. Kallo ya koma sama, amma wannan karo talaka ne ke riƙe da fitilar da aka saba haska shi da ita. Sai dai a tuna, a ƙarshen 1999 masu intanet 'yan tsiraru ne a Meksiko da ma sauran duniya, saboda haka mai tallar masara da ke tsaye a dandalin nan yana iya yin dare yana kallon zanen wani da ke zaune a Turai, shi kuwa bai sami shiga ba.

Aikin da ya fi cancanta ɗalibai su tsaya a kansa shi ne Voz Alta, watau ɗaga murya, na 2008. A ranar 2 ga Oktoba 1968, kwana goma kafin a buɗe wasannin Olamfik a birnin Meksiko, sojoji suka buɗe wuta a kan ɗalibai da sauran jama'a da suka taru a dandalin Tlatelolco. Hukuma ta ce 'yan gomomi ne suka mutu, waɗansu kuwa suka ce ɗaruruwa ne, aka kuma yi shekaru ana danne maganar. Da shekara 40 ta cika, Lozano-Hemmer bai gina gunki ba, bai sassaƙa sunaye a dutse ba. Lasifika ya kafa a tsakiyar dandalin, ya ce duk mai magana ya zo ya yi, ba mai tace masa. In mutum ya fara magana sai wata babbar fitila ta riƙa walƙiya bisa ga hawa da saukar muryarsa, ta jefa hasken zuwa ƙololuwar wani dogon bene da ke gefen dandalin, daga can kuma waɗansu fitilu uku su karɓa su watsa shi a kan birni. Wanda ya hango walƙiyar daga nesa yana son ya san abin da take cewa, sai ya murɗa rediyonsa zuwa tashar jami'ar ƙasar, ya ji muryar kai tsaye. In ba mai magana, sai a sako muryoyin waɗanda suka tsira daga kisan da sauran abubuwan da aka naɗa game da wancan zamani.

A nan mai fasaha gindin waƙa kawai ya kafa, 'ya'yan waƙar duk daga bakin jama'a suka fito. In ba su zo ba, babu abin da za a gani sai lasifika da fitila. Kuma shi kansa bai san abin da za a faɗa ba, mai yiwuwa a zagi gwamnati, mai yiwuwa a zage shi, mai yiwuwa wani ya zo da shirme. Wannan kasada ita ce alamar ƙari na gaskiya, gama jagoran da ya bar wa yaransa wurin ƙari ya yarda ke nan wata rana su kai waƙar inda bai so ba. Hasken ma a nan yana da dalili, ba ƙawa aka sa shi ya yi ba. Murya ba ta wuce dandali, haske kuwa ana hango shi daga unguwanni masu nisa, sai ya zama shi ne sanƙiran da ke shaida wa birni cewa ga wani can yana magana a wurin da aka taɓa harbe masu magana.

Wani zai ce ai ba a yi fasaha don ta zama majalisa ba, in abu ya ƙayatar ya gama aikinsa, kuma waƙar Shata ba ta ragu ba don yaransa ba sa ƙari. Wannan gaskiya ne, ba kuwa a ce amshi aibi ba ne. Bambancin shi ne Shata bai taɓa cewa yaransa ne suka yi waƙar ba. Masu fasahar haske su ne suka yi da'awar cewa ɗan kallo abokin aiki ne, da wannan da'awa suke sayar da tikiti, saboda haka da ita ya kamata a kama su. Kuma ƙari ba lalle sai da baki ba. A ɗakin bugun zuciya mutum ba ya cewa uffan, ba ya ma iya zaɓen abin da zai bayar, amma abin da ya bari nasa ne shi kaɗai, na tsoho dabam da na yaro, na wanda ya hau matakala da gudu dabam da na wanda ya huta. Mai aikin ya ce abu biyu suka sa masa tunaninsa: jin bugun zuciyar tagwayensa a na'urar asibiti tun suna ciki, da kuma wani fim na Meksiko na 1960 mai suna Macario, inda aka nuna kogo cike da kyandirori, kowane ɗaya ran wani mutum ne. Wanda ya ga bugunsa yana matsawa ƙwai bayan ƙwai zuwa ƙarshen layi ba ya bukatar a yi masa fassara.

Akwai wani lissafi kuma da ba a cika yi ba. Yaron makaɗi, ko mai amshi ne ko mai ƙari, yana da kaso a cikin kyautar da aka samu. Ɗan kallon fasahar haske kuwa shi ke biyan kuɗin shiga, sa'an nan ya ba da motsinsa da muryarsa da hoton fuskarsa kyauta, da su kuma aikin yake rayuwa. Bugu da ƙari, na'urorin da ke sa fitila ta san inda mutum yake tsaye su ne dai waɗanda hukumomin tsaro da manyan kamfanoni ke bin sawun jama'a da su. Lozano-Hemmer bai ɓoye wannan ba, har ma yakan tsokano shi da gangan. Yana da aiki na 2010 wanda ke ɗaukar hoton zanen yatsan mai kallo ya baza shi a bango tare da na dubban mutane, da wani na 2015 da ya yi tare da Krzysztof Wodiczko, inda kyamarori ke gane fuskokin waɗanda ke ɗaki suna nuna wa kowa wanda ya tsaya kusa da wa. Nufinsu mutum ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Abin tsoro shi ne akasin haka ya faru, watau mutane su saba da miƙa yatsa da fuska ga na'ura cikin raha, har ranar da za a nema a wurin da ba raha su miƙa ba tare da tambaya ba. Duk gidan da ke nuna irin wannan aiki wajibi ne ya shaida wa mai shiga abin da ake ɗauka daga jikinsa, da inda ake ajiye shi, da ranar da za a share.

Ta wajen ƙarko ma fasahar nan ta fi kusa da waƙar baka bisa ga sassaƙa. Zanen da aka yi shekara 500 yana nan rataye, amma aikin da ya dogara ga manhaja yana iya mutuwa cikin shekara 15 in an daina ƙera kwamfutar da ke tafiyar da shi. Ƙwan lantarki mai zare, wanda ɗakin bugun zuciya ya dogara ga yadda yake kamawa da mutuwa a hankali, Tarayyar Turai ta janye shi daga kasuwa tsakanin 2009 da 2012. Wannan matsala ce ta sa Lozano-Hemmer ya rubuta wa 'yan'uwansa masu fasaha jagora a 2015 kan yadda za su shirya ayyukansu domin a iya sake tayar da su da sababbin na'urori bayan tsofaffin sun shuɗe.

A watan Nuwamba na 2019 ya kai fitilunsa kan iyakar Amurka da Meksiko, tsakanin El Paso da Ciudad Juárez, birane biyu da kogi da shingen ƙarfe suka raba, alhali dangi ɗaya ne ke zaune a kowane gefe. Ya kafa tashoshi shida, uku a nan uku a can, kowace da makirufo da lasifika da wani ɗan abin murɗawa mai juya fitilu. In mutum ya murɗa haskensa ya gitta na wani da ke ƙetaren iyaka, sai hanyar magana ta buɗe tsakaninsu, su ji juna, hasken kuma ya riƙa ƙaruwa da raguwa bisa ga muryoyinsu. In ɗaya ya kau da nasa, magana ta yanke. Ba wanda zai iya buɗe hanyar shi kaɗai, sai na can gefen ya yarda ya tsai da haskensa. A wannan yanki an daɗe da sanin manyan fitilu a hannun masu gadin iyaka, suna neman masu tsallakawa cikin dare. An yi dare 12 ana wannan zance ta sama, daga 13 zuwa 24 ga wata, sa'an nan aka kwance fitilun aka kwashe.